Mashigar Mota A Gidan Da Ba Mota

Shekarun baya, lokacin da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, unguwarmu ta Ƙofar 'Yandaka ta samu kansila. Kafin nan ban taɓa ganin wani mai mulki ya tako layinmu da ƙafarsa ba, sai ga shi ana yi mana sallama har ƙofar gida ana tambayar abin da ke damun mu. Abin da ke damun mu kuwa kowa ya san shi, ruwa ne. Damina na kankama layinmu ya zama tafki, ruwan sama da na wanke-wanke su haɗu su kwanta, sauro ya samu gari, gindin katangun ƙasa ya jiƙe ya riƙa zubewa. Saboda haka ranar da aka ce an ba da kwangilar lambatu a layinmu, har da ni a masu tafi. Romon dimokuraɗiyya ake ce wa irin wannan a lokacin, mu ma muka miƙa namu kwanon.

Ni da mahaifina kaɗai ne a gidan. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, ƙannena mata duk suna ɗakunansu, ɗaya daga cikinsu ce ke aiko mana da abinci. Ni malamin firamare ne a lokacin, tuzuru, abin da na mallaka keke ne da surutun siyasa. Mahaifina kuwa baduku ne, amma ya ajiye aiki tun da wata jinya ta bar masa nauyi a ɓarin jikinsa na hagu. Da sanda yake tafiya, yana jan ƙafar a hankali. Iyakar duniyarsa masallacin layi da dakalin ƙofar gida.

Dakalin nan shi ya gina shi da hannunsa tun ban san kaina ba. Dogo ne, jingine da katangar zaure, kuma da rana ta karkata inuwa take rufe shi. Ana idar da sallar la'asar tsofaffin layin za su fara sulalowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san wurinsa, ba mai zama a na wani. Akwai tsohon masinja, akwai mai awon hatsi da idonsa ya yi rauni, akwai wasu biyu da ba su cika magana ba sai dai su gyaɗa kai. Sai kuma amininsa, tsohon direban babbar mota, wanda duk abin da mahaifina ya ce fari ne shi zai rantse baƙi ne. Mahaifina zai kunna rediyo, ya ciro goro daga aljihu ya ɓare, ya bi kowa da rabonsa, daga nan musu ya ɓarke har a kira magariba. Ni dai iyakata in durƙusa in gaishe su, in kinkimi kekena in shigar, in canza riga in fice wurin abokaina. A raina ina cewa mutanen nan ba sa gajiya, maganar jiya ita ce ta yau.

Wata safiya ma'aikata suka zo da igiya da jan fenti. Suka ja igiyar tun daga bakin titi, suna ɗiga fenti, sai ga layin ya bi ta tsakiyar dakalinmu. Ba namu kaɗai ba, duk wani dakali da ke layin an shafa masa ja, don lambatun jikin katanga zai bi. Na so in yi rigima, mahaifina ya ɗaga mani hannu.

"Aikin hukuma ne, kuma mu muka roƙa," in ji shi. "Ɗauke mani buzuna kawai."

Yana daga cikin zaure yana kallo leburori suka sa diga. Kafin in shanye kokon da ke hannuna sun gama da shi, sun kwashe ƙasar a baro.

Aka haƙa rami tun daga farkon layi har ƙarshe, zurfinsa ya kai ƙugun mutum. Daga nan sai aiki ya tsaya. Wasu suka ce siminti ake jira, wasu suka ce sa hannu ake jira a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗan kwangila dai aka daina ganin sa. Damina ta sauka ta tarar da mu da rami a ƙofar gida. Kowa ya nemo katako ya gitta. Ni har ƙyauren tsohon ɗaki na ciro na shimfiɗa saboda mahaifina, amma ruwa ya riga ya cinye gefen ramin, ana takawa sai ya yi lilo. Sau ɗaya ya gwada. Ya kai tsakiya, ƙafar nan ta hagu ta ɗauki rawa, sandar ta zame ta faɗa ruwa, na rungumo shi muka koma ciki. Daga ranar bai ƙara taka katakon ba. Ko sallah a zaure yake bin liman, in lasifika ta yi aiki.

Da farko tsofaffin sun yi ƙoƙari, Allah ya sani. Sukan lallaɓo su tsallako su shigo zauren. Amma zaurenmu ƙarami ne, ga zafi, ga warin ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa, su ma kuma ba ƙafafun kirki gare su ba. Ranar da mai awon hatsi ya kusa zurmawa, 'ya'yansa suka hana shi. Sannu a hankali majalisar ta koma ƙarƙashin wata bishiyar bedi a can ƙarshen layi, inda ramin bai kai ba. In za su wuce sai su tsaya a tsallake su ɗaga murya.

"Malam, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"To, Allah shi ƙara sauƙi."

Shi ke nan. Mutanen da gaisuwarsu kaɗai takan ci rabin goro, tun daga gajiya da iyali har ruwa da kasuwa, ta koma kalma uku a tsaye. Amininsa ne kawai yakan daɗe a tsallaken, ya dogara da sanda ya tsokane shi da wata magana, su yi musu ana jin su har maƙwabta. Shi ma in ƙafarsa ta gaji sai ya wuce.

In na dawo daga makaranta nakan same shi a bakin ƙofar zaure daga ciki, a kan buzunsa, fuskarsa na kallon waje. Rediyon na ta magana, shi kuwa ya daina mayar masa da martani. Abin da ya fi taɓa ni goron nan ne. Hannunsa ya saba, la'asar na yi sai ya ciro ya ɓare, ya gutsuttsura kashi-kashi, sannan ya tuna. Da safe in ina share zaure sai in tarar da su a ɗan faranti sun bushe sun yi ja. Wallahi ranar farko da na gane abin da nake gani, sai da na koma ɗaki na zauna.

A cikin daminar nan amininsa ya kwanta, kwana kaɗan ya cika. Da aka zo da labari na ce wa mahaifina bari in kira maƙwabta mu ɗauke shi mu tsallakar da shi, ya je ya yi masa sallah. Ya girgiza kai.

"Ba za a ɗauke ni kamar buhun gero ba. Ɗauka ɗaya ta rage mani, ita ma tana tahe."

Ta layinmu aka bi da makarar. Ya dafa bango ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa, ramin na tsakaninsu, yana motsa baki har suka sha kwana. Ni na bi su maƙabarta a madadinsa. 

Daga nan na zama ɗan sakatariya. Ana tashi daga makaranta sai in hau keke in nufi can. Na koyi zaman benci, na koyi "ciyaman yana mitin", na koyi "injiniya ya fita duba aiki". Kansilanmu mutumin kirki ne, kullum zai riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, ai aikinku yana hannu." Ban taɓa gano hannun wa ba. Har masu gadi suka san ni, in na yi fashi su tambaye ni ko lafiya.

Wani abokina da muka yi makaranta tare yana aiki a sashen ayyuka. Shi ya ja ni gefe wata rana ya ce in daina wahalar da kekena, ruwa na ɗaukewa za a dawo aiki. Amma ya ce in san wani abu. Lambatun a buɗe za a bar shi, don a riƙa kwashe shara. Ƙofar kowane gida za a ɗora mata murfin kankare, silab suke ce masa, kuma iri biyu ne. Akwai na ƙafa, faɗinsa bai wuce dardumar sallah ba. Akwai mashigar mota, mai faɗi da rodi mai kauri, shi kuwa sai gidan da ke da mota.

Na ce, "To, wurin zama fa?"

Ya ce, "Wane irin wurin zama?"

"Inda aka rushe dakali. Inda mutane za su zauna."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce a tsarin aikin ruwa ne zai wuce, mutum ya tsallaka, mota ta shiga, ba wanda aka tanada zai zauna.

A hanyar komawa gida dabara ta zo mani, kuma har yau in na tuna ina jin kunyarta da daɗinta a haɗe. Akwai wani makanike wajen Gobarau da nake kai wa 'ya'yansa darasi, a garejinsa akwai wata tsohuwar mota da aka ciro injinta tun zamanin soja, kaji ne ke kwana a ciki. Na je na roƙe shi aronta. Ya dube ni ya dubi motar, ya ce in dai zan iya kai ta, in riƙe har Mahadi ya bayyana. Da labari ya zo cewa injiniya zai zagayo ya ƙidaya ƙofofi, ni da abokina da makaniken muka turo ta bayan sallar asuba. Taya ɗaya ba iska, sitiyarin sai an haɗa da addu'a, layin kuma rabinsa tarin ƙasa ne. Muka iso sharkaf da gumi, abokina yana ta tsine wa ranar da ya san ni. Na wanke ta tas, na share kashin kaji, har labule na rataya a gilashin baya don kada a hango ciki.

Kafin hantsi maƙwabta sun fara zuwa. "Malam, an yi mota? Allah shi sa alheri, Allah shi tsare." Wata tsohuwa har addu'a ta yi mani ta ce saura mata. Ni kuwa ina ta amsawa da amin, ina kauda kai.

Mahaifina ya leƙo daga zaure ya daɗe yana kallon ta.

"Kai, mi ne ne wannan?"

Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da faɗin silab da kaurin rodi. Ya saurare ni har na gama. Abin da ya ce kawai, "Allah shi kyauta."

Injiniyan ya iso tare da kansila da rana ta ɗaga. Mutum ne mai ƙiba, ba ya son yawan magana, yana tafe yana nuna ƙofofi yana cewa na ƙafa, na ƙafa, na ƙafa. Da ya zo tamu ya tsaya. Ya dubi motar, ya dubi ƙofar zaurenmu wadda ko kekena sai na karkata shi yake shiga.

"Malam, ta ina take shiga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai a waje take kwana."

Ya zagaya ta, ya sa hannu ya ɗaga murfin gaba. Ba komai a ciki sai gashin kaza da hasken rana da ke haska ƙasa. Kansila ya juya baya yana tari. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, malamin makaranta guda, mai koya wa yara cewa ƙarya haramun ce.

Sai muka ji muryar mahaifina daga cikin zaure. Ya yi musu sallama, ya gaishe su gaisuwa cikakkiya irin tasa, ya tambayi gajiya da iyali da aiki, sai da suka amsa duka sannan ya ce:

"Injiniya, ka yi haƙuri da yaron nan, tausayina ne ya sa shi. Motar ga ba tamu ba ce, ba mu taɓa yin mota ba. Ni mutane nike ajiyewa a ƙohwar gidana. Nan inda kake tsaye suke zamnawa, kahin a haƙa."

Injiniyan ya sauke murfin motar. Ya dubi tabon dakalin da ya rage a jikin katanga, ya dubi tsohon da ke zaune a cikin duhun zaure da rana tsaka. Sannan ya juya ga wani ma'aikaci da ke bin sa da littafi ya ce, "Nan mashigar mota." Ya ce da ni in mayar wa kaji ɗakinsu kafin a zo zuba kankare.

Aka dawo aiki, aka gina lambatu, aka zuba mana silab mai faɗi tun daga ƙofar zaure har inda dakalin ya ƙare a da. Aka ce a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har ya yi ƙwari. Mahaifina ne ya zama mai duba wannan aikin, yana zaune yana nuna mani da sanda inda ban jiƙa ba. Rabon da in ji yana faɗa da ƙarfi haka har na manta, sai na riƙa barin wani gefen da gangan.

Ranar da aka ce ya bushe, ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya aike ni goro. Ya tako silab ɗin da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi, ya je masallaci ya yi la'asar a sahu. Ni kuma na shimfiɗa tabarmi, na aro benci saboda masu ciwon gwiwa, na bi tsofaffin har ƙarƙashin bedi na gaya masu. Suka zo kuwa. Suka yaba aiki, suka ƙwanƙwasa kankaren da sanda, suka ci goro. Mahaifina ya kunna rediyo, aka karanta labarai, ya faɗi ra'ayinsa da ƙarfi ya dakata. Kowa ya ce gaskiya ne, Malam. Ba wanda ya ce masa ƙarya ne. Na ga ya waiga gefen damansa, inda direban yake zama, ya dawo da kansa.

Sun ƙara zuwa 'yan kwanaki. Amma sun riga sun saba da bedin, can akwai iska, akwai mai shayi kusa. Mai awon hatsi ɗansa ya ɗauke shi ya mayar da shi Kambarawa. Tsohon masinja ya ce siminti yana riƙe zafi. Ba wanda ya yi faɗa da wani, ba wanda ya ce ya daina zuwa, kawai dai yau mutum uku, gobe ɗaya, jibi sai gaisuwa a tsaye. Na samo masa wurin zama mafi faɗi a layin kaf, ya zama shi kaɗai ne a kai, da rediyo da farantin goro. Abin ya ƙona mani rai ƙwarai, har na riƙa jin haushin tsofaffin da ba su yi mani laifin komai ba.

Wata la'asar na dawo, na gaishe shi, na kama keke zan shigar in fice kamar kullum. Sai ya ce, "Kai, zamna mana."

Na jingine keken na zauna a gefen damansa, don nan ne kusa. Ya miƙo mani ɓarin goro. Ni ba na cin goro, ya sani, amma na karɓa na tauna, ɗacin ya kai mani har ƙeya. Aka fara labarai, ana maganar sababbin 'yan majalisa. Ya ce shi dai bai ga abin da farar hular nan za ta tsinana ba, gara soja. Na san ba ra'ayinsa ba ne, don da bakinsa ya sha tsine wa mulkin soja a kan dakalin nan. Na dube shi, na ga yana kallona ta wutsiyar ido yana jira.

Na ce, "Haba Baba, wannan magana ai ba haka take ba."

Ya gyara zama. "To, gaya mani yadda take, tunda kai ne mai boko."

Muka yi ta yi har aka kira magariba, ya ce ban san komai ba, na ce shi ne ya tsaya a zamanin Turawa. Da zai tashi na ga yana murmushi shi kaɗai. Tun daga ranar la'asar ta zama tamu. Abokaina suka yi ta tsokanata wai na yi ritaya ban yi aure ba. A haka muka yi shekarun da suka rage masa, kuma a kan silab ɗin nan aka yi zaman makokinsa, ya ɗauki mutane da yawa.

Ban taɓa cewa lambatun nan kuskure ne ba. Yana aiki har gobe, ruwa ya daina kwanciya, katangu sun daina faɗuwa. Abin da na gane kawai shi ne, masu igiya da jan fenti sun auna hanyar ruwa da ta ƙafa da ta mota, amma yammacin tsoho ba ya cikin awonsu, ni ma kuma da nake kwana gida ɗaya da shi ban san nauyinsa ba sai da aka rushe. Kankare ana iya sake zubawa. Mutanen da suka saba zama wuri ɗaya, in suka watse na damina guda, ba lallai su dawo ba.

Yanzu ni ne mai furfura a gidan. Ina da iyali, alhamdu lillahi, amma yaran kowa da wayarsa da abokansa, su durƙusa su gaishe ni su wuce, kuma ba na ganin laifinsu don na san hanyar. Layinmu ya cika da motoci, silab ɗina kuma shi ne mafi faɗi, saboda haka kullum ana roƙona wurin ajiyewa. Nakan ce da safe bismilla, da dare bismilla, amma daga la'asar zuwa magariba akwai mutane a wurin.

Kwanan baya wani matashi da ya tare kusa da mu ya zo da motarsa ina zaune, ya sauke gilashi ya gaishe ni da ladabi. Na gaya masa ƙa'idar. Ya dubi tabarmar, ya dubi bencin, ya ce, "Baba, ai ba kowa, kai kaɗai ne."

Na ce na sani. Na ɓare goron da ke hannuna na miƙa masa rabi, na ce ya kashe motar a can gefe ya zo ya zamna. Ya yi godiya sosai, ya ce sauri yake, wata rana in Allah ya so. Ya ja da baya ya tafi neman wani wurin. Ni kuma na cinye nawa, na ajiye nasa a faranti, na ƙara muryar rediyo.